Yawon Buɗe Ido Da Yara Ba Tsere Ba Ne

Ya ku iyaye da ɗalibai, ga dogon hutu ya ƙarato, kuma na san akwai gidajen da suke shirin tafiya. Waɗansu za su ƙauye wurin kakanni, waɗansu kuwa, da Allah ya hore musu, za su haye jirgi zuwa Masar don gano ɗa ko ƙane da ke karatu a Azhar, ko ganin likita, su haɗa da kallon birnin Alƙahira. Da su nake son magana yau, amma abin da zan faɗa ya shafi kowa. Ra'ayina shi ne, wanda ya kai yara tsohon birni cikin tsananin zafi, gara ya nuna musu wuri biyu su fahimta, da ya ja su wuri goma su dawo da ciwo.

Abu na farko da mutanenmu ke mantawa shi ne, lokacin hutunmu, wato Yuli zuwa Satumba, damina ce a nan gida, ga hadari ga sanyin ruwa. A Masar kuwa lokacin ne zafi ke kan ganiyarsa. Ba a ruwan sama sam a waɗannan watanni, zafin rana yakan tsaya wajen digiri 35, wata rana ma ya haura 40.

Ni kaina na ɗanɗana. Mun je cikin watan Agusta, ni da mai ɗakina da yara uku, muka sauka wurin ƙanena. Da ya ga takardar da na jera wuraren da za mu gani cikin kwana biyu, sai ya ce, "Yaya, wannan ai aikin mako guda ne." Ban ji ba. Muka makara da fita, sai wajen ƙarfe sha ɗaya muka isa Giza, inda manyan dalolin Fir'aunoni suke. Babbarsu ta kai shekara 4,500 da ginawa, tsawonta na asali wajen mita 146. Abin kallo ne ƙwarai, amma fili ne fetal, yashi da dutse, babu bishiyar da za ka fake. Muna cikin ɗaukar hoto autarmu ta ce, "Baba, kaina na ciwo." Na ce ta yi haƙuri saura kaɗan. Ba a jima ba ta fara amai, jiri ya kwashe ta. Ranar a asibiti muka ƙarasa ta, ana yi mata ƙarin ruwa, washegari kuwa ko ƙofar gida ba mu leƙa ba. Garin neman gira muka kusa rasa ido. Laifin kuwa nawa ne, ba na kowa ba.

Na san wani zai ce, mu mutanen Sakkwato da Maiduguri wane zafi ne za a nuna mana? Gaskiya ne, bazararmu ba wasa ba ce. To amma ka tuna yadda muke yi da ita. Da rana ta take, kowa yana gindin darbejiya ko cikin zaure, ga randa kusa. Babu mai hankalin da zai sa ɗan shekara shida tafiyar awa huɗu a ƙasa tsakanin hantsi da azahar. A gida mun san wannan, sai in mun zama baƙi muke mantawa. Kuma jikin yaro ba kamar na babba ba ne. Ruwan jikinsa yana saurin ƙarewa, ga shi wasa da kallo kan ɗauke masa hankali har ya manta da ƙishirwa.

Wani kuma zai ce, kuɗi masu yawa na kashe, wa ya san ko zan sake dawowa, dole in ga komai. Wannan ita ce hujjar da ta yaudare ni. Amma tambayi kanka, don me ka kawo yaran? In don su ƙaru ne, yaron da ƙafarsa ke zogi, maƙogwaronsa ya bushe, ba ya jin tarihin kowa. Hoto kawai za ka kawo gida, shi kuwa abin da zai riƙa tunawa shi ne wahala.

Da yarinyar ta warware muka bi shawarar ƙanena, muka canja tsari. Bayan sallar asuba da karin kumallo sai mu fita, wuri ɗaya ko biyu, kafin rana ta take mun dawo mun yi ƙailula, sai bayan la'asar mu sake fita. Da dare kuma yakan ba yaran labarin inda za mu gobe. Nan ne tafiyar ta yi daɗi. Suka ga masallacin Amru ɗan Asi a Fusɗaɗ, na farko da aka gina a Masar, wajen shekarar 642. Suka ga na Ibn Ɗulun da aka gama a 879, mai hasumiyar da matakalarta ta nannaɗe ta daga waje. Suka shiga Azhar, wanda aka fara ginawa a 970, shekara guda bayan kafa Alƙahira. A masallacin Sarki Hasan, da aka fara a 1356, aka nuna musu cewa kowace mazhaba cikin huɗun nan tana da makarantarta a ciki, har da ta Malikiyya. Da suka ji cewa Mansa Musa na Mali ya ratsa birnin nan a 1324 kan hanyarsa ta hajji, kuma Imam Suyuɗi, malamin Alƙahira da ya rasu a 1505, ya taɓa aika wasiƙar nasiha ga sarakunan Katsina da Agadas, sai suka daina ganin wurin kamar baƙon gari.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, magabatan birnin da kansu sun girmama zafin nan. Dubi kaurin bangon masallatansu, da rumfunan da suka kewaye tsakar gida, da lungunan kasuwa masu inuwa, da tagogin katako masu ƙananan huji da iska ke ratsawa ba tare da rana ta shigo ba. A titin Mu'izz akwai wani gini na shekarar 1744 wanda ƙasansa wurin shayar da masu wucewa ruwa ne kyauta, samansa kuwa makarantar allo ce ta yara. Irinsa suna da yawa a birnin. Ruwa a ƙasa, karatu a sama: sai an kashe ƙishirwa ake karatu. Mu kuma da muka zo kallon aikinsu, sai mu juya tsarin?

Saboda haka ga shawarata ga iyaye. Kowane yaro ya riƙe gorar ruwansa, a riƙa tuna masa ya sha tun bai ce yana jin ƙishirwa ba. A sa musu tufafi sakakku marasa nauyi masu hasken launi, da malafa ko lema, kuma kada a manta dutsen tsakar masallaci yana ƙona ƙafa da rana, a tafi da safa. A ajiye ƙunshin gishiri da sukari na kemis cikin jaka. In yaro ya fara ciwon kai, ko jiri, ko amai, ko fitsarinsa ya yi ja ya ragu, a tsaya nan take, a kai shi inuwa, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, a jiƙa masa jiki. In kuwa jikinsa ya yi zafi rau, ya fara sambatu ko ya suma, a ci gaba da sanyaya shi, a garzaya asibiti ba jira.

Ku kuma ɗalibai, kada kunya ta hana ku gaya wa Baba ko Mama kun gaji. Ku riƙe ɗan littafi ku rubuta abin da kuka gani, in an dawo hutu ku kawo mana mu buga.

Wanda bai samu zuwa Masar ba kada ya damu. Ga Dutsen Dala da Gidan Makama da kasuwar Kurmi a Kano, ga hasumiyar Gobarau a Katsina. Ƙa'idar ɗaya ce a ko'ina: a yi sammako, a gani kaɗan, a fahimta da kyau, a dawo da yara lafiya.

Allah ya kai mu hutu lafiya, ya kiyaye matafiyanmu, amin. Wassalam.