Sanyin Bature Da Zafinmu: Darasi Daga Motar Haidurojin

Yau za mu ɗan jingine labarin soyayya mu taɓa zancen mota, hunturu ne kuwa ya jawo maganar.

Duk wanda ya taɓa yin sammako a tashar Kafin Hausa cikin watan Janairu zai tafi Haɗeja ko Dutse, ya san yadda ake fama. Batir ya sha sanyi, direba ya murɗa makulli, mota ta yi tari ta yi shiru, sai a kira yaran mota a hau turi. Amma wannan sanyin namu da ke zaunar da tsofaffi a bakin wuta bai isa ya daskarar da ruwan randa ba. A Kanada da arewacin Japan kuwa, sanyi kan kai digiri 20 ko 30 ƙasa da sifili.

A irin wannan sanyi ne motar haidurojin ta gamu da cikas. Ita ba ta ƙona fetur. Wata na'ura ce a cikinta ke haɗa iskar haidurojin da oksijin ta ba da wutar lantarki, abin da ke fita ta salansa kuwa ruwa ne zalla. To, a nan gizo ke saƙar. In an kashe motar ta kwana a waje, ragowar ruwan sai ya zama ƙanƙara ya toshe ƙananan ƙofofin da iska ke bi, da safe mota ta ƙi tashi.

Injiniyoyinsu ba su ce ƙaddara ce ba. Suka sa motar ta riƙa hura iska ta busar da cikinta kafin ta mutu, sannan wajen tashi ta rage iskar da take ja, yadda na'urar za ta fi ba da zafi ta ɗumama kanta. A 2003 kamfanin Honda ya sanar da na'urar da ke tashi a digiri 20 ƙasa da sifili, a 2008 Toyota ya kai 30, a 2014 kuma ya fito da Mirai kasuwa.

Wani zai ce ina ruwan biri da gada, mu da ko gidan sayar da haidurojin ba mu da shi a Jigawa? Ruwa da tsaki ma kuwa. Tun da aka janye tallafin fetur a 2023 kowa ke neman mafita, kuma duk abin da zai maye gurbin fetur, da yanayin wasu aka auna shi. Ita wannan na'urar tana aiki ne a wajen digiri 80, kusan duk zafinta kuma lagireto ke ɗauka, to yaya za ta kasance a watan Afrilu da zafinmu ke haura 40? Fatar da ke cikinta sai da danshi take aiki, iskar hunturu kuwa leɓe ma tsaga shi take. Ga kuma ƙura.

Abin da nake so mu gane shi ne, Bature da Bajapane sun magance sanyinsu ne don shi ke damun su, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Muna da Jami'ar Sule Lamido a nan Kafin Hausa tun 2013, ga Jami'ar Tarayya ta Dutse tun 2011, ga rana kyauta wadda da wutarta ake iya raba ruwa a fitar da haidurojin. Me zai hana ɗalibanmu su fara gwada yadda zafi da ƙura ke cin batir da waɗannan na'urori tun yanzu? In muka tsaya jira, haka za a kawo mana su kwance, mu saya da tsada, mu koma gidan jiya muna turi.

Allah Ya sa mu farga. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.