Gargaɗi Ga Masu Aiki Da Wutar Lantarki

Malamai sun haɗu a kan cewa tsare rai wajibi ne, kuma wanda ya ɗauki ma'aikaci amana ya ɗauka. To, yau kafinta da maƙeri da lantarki suke huda katako da yanka ƙarfe, amma da yawa sun raina wayar da ke kawo wutar.

Wutar da ke shiga rumfunan Nijeriya ƙarfinta bolt 230 ne, ta isa kashe ƙato. Siririyar waya in an ɗora mata injin da ya fi ƙarfinta sai ta yi zafi, robarta ta narke, gobara ta tashi. Haka doguwar waya in aka bar ta a naɗe ana aiki. Ƙafa ta uku ta filogi ita ke kai wutar da ta ɓalle ƙasa. Wanda ya karya ta, jikinsa ya mayar hanya.

Saboda haka wajibi ne maigida ya sauya wayar da ta kwaile. Kada mai danshin alwala ya kama injin. A zare filogi kafin a sauya zarto. Wanda wuta ta kama, a kashe ta tukuna, kada a taɓa shi da hannu.

Malamai su gargaɗi almajiransu masu koyon sana'a. Kuɗin waya bai kai diyyar rai ba. Allah Ya kiyaye, amin.