Karen da ruwa ya kora, wa zai riƙe shi?

A farkon Satumban 2020 kogin Isa ya kai mita 7 a ma'aunin Yamai, alhali jan layin haɗari santimita 620 ne. Madatsar Lamorde ta ɓalle, ruwa ya cinye gidajen ƙasa a Harobanda. Aka kwashe jama'a zuwa ajujuwan makarantu, daga baya wasu zuwa tantuna a filin sukuwa. An ɗauki katifa da tukunya, an ja akuya da igiya. Karen da ya shekara yana gadin lambu kuwa, ba wanda zai shiga aji da shi, sai aka bar shi a gindin katangar da ta zube.

Duk wanda ya ce a nema wa irin wannan kare gidan riƙo, dariya za a yi masa. Za a ce mutane ma ba su sami wurin kwana ba, kuma kare ƙazanta ne, tattalinsa shirmen nasara ne. In sun yi yawa a zuba musu guba. Wannan ra'ayi ya zauna daram, amma ba shi da tushe a addini, ba shi da shi a likitance.

A mazhabar Malikiyya, wadda Nijar ke bi, kare mai rai tsarkakakke ne, har da yawunsa. Shari'a ta yarda a ajiye shi don farauta da kiwo da gadin gona. Masu sharhin Risala sun ruwaito cewa mai littafin, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, da kansa ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi, da aka tuna masa Imamu Malik ya karhanta hakan, sai ya amsa cewa da Malik ya riski zamaninsu, zaki ma zai ajiye. Littafin nan dai shi ake karantawa a zaurukan Yamai.

Batun baƙuwar al'ada ya fi ban mamaki. A ƙasar da Fulani ke da habbanaye, inda mutum ke miƙa wa ɗan'uwansa saniya ya riƙe ta har ta haihu kafin ya mayar, wa zai koya wa wani riƙon dabba? Karen Azawak na Abzinawa ma, Turawa sun kwashe irinsa suna alfahari da shi a Faransa.

Sai lafiya, inda abin ya fi zafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutane kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Maganinsa allurar rigakafi ce ga kashi 70 cikin 100 na karnuka. Kisan kan mai uwa da wabi ba ya tsayar da cutar: an kashe na wannan juji, na wani su maye gurbi. Karen da ke da uban gida ana iya kama shi a yi masa allura. Wanda yunwa ta mayar ɗan bola, shi ne ke cizon yaro a hanyar lakwal.

Amurka ta sha darasin barin dabbobi a baya a guguwar Katrina ta 2005, lokacin da wasu suka ƙi barin gidajensu saboda dabbobinsu, har a 2006 aka kafa dokar da ta sa dabbobin gida cikin tsarin kwashe jama'a.

Yamai ba ta buƙatar sabon gini. Kafin Agusta, masu unguwannin Saga da Kirkisoye su rubuta gidajen da ke da kare, a haɗa su da masu garaji da masu garke na kan tudu da ke neman gadi, likitan dabbobi ya yi allura ranar miƙawa, mai kare ya karɓi abinsa idan ruwa ya janye.