Kafin a Ƙara wa Inji Ƙarfi, a Fara Lissafin Zafi

Wanda ya yi wayo a Katsina shekaru arba'in da suka wuce ba zai manta da Volkswagen Beetle ba, motar nan mai siffar kunkuru wadda injinta ke baya. Tun daga 1975 aka riƙa harhaɗa ta a Legas, ta kuwa zama abin hawan malaman makaranta da ma'aikata. Ba ta da lagireto, ba a kuma zuba mata ruwa. Fanka ce ke hura iska a kan silindojinta ta kwashe zafi, kamar dai yadda iska ke sanyaya injin baburan da suka cika titunan birnin a yau.

Matashin da ya gaji irin wannan mota, ya kuma ga yadda ake ɗaura wa tsofaffin injuna na'urar ɗura iska, wadda makanikai ke kira turbo, zai iya sha'awar gwadawa. Sha'awar ba laifi ba ce. Amma duk wanda zai yi wannan aiki a Katsina, wajibi ne ya fara da lissafin zafi, sa'annan ya yi maganar gudu.

Turbo ba sabon abu ba ne, domin tun 1905 wani injiniya ɗan Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi rajistar dabarar. Hayaƙin da ke fita daga inji shi ke juya wata 'yar fanka, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke ɗura iska cikin silinda. Juyin yakan wuce sau 100,000 a minti guda. Idan iska ta yawaita, sai a ƙara fetur, wuta ta ƙaru, ƙarfi ya ƙaru. Sai dai kuma abin da inji ke mayarwa aiki daga makamashin fetur bai cika wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Ragowar duk zafi ne. Ke nan wanda ya ƙara ƙarfi ya ƙara zafi, alhali fankar da ke kwashe shi tana nan yadda take.

Akwai kuma zafi na biyu, wanda ɗalibi zai iya tabbatarwa da famfon keke: iska tana ɗaukar zafi idan aka matsa ta. A watan Afrilu zafin Katsina yakan kai digiri 40. Idan turbo ta matsa wannan iska har matsinta ya kusa ninkawa, lissafi ya nuna za ta kai wajen digiri 100, a zahiri ma takan zarce. Iska mai irin wannan zafi tana sa wani ɓangare na fetur ya fashe da kansa ba bisa tsari ba. Wannan fashewa ita ke dukan kan fistin har ta huda shi.

Mai musu zai ce ai an yi an gani. Gaskiya ne. A 1975 kamfanin Porsche na Jamus ya fara sayar da 911 Turbo, motar tsere mai injin lita 3 da iska ke sanyayawa, mai ƙarfin doki 260, wato ninki biyar na babban injin Beetle. Amma a dubi abin da injiniyoyin suka yi. Sun rage matsin da fistin ke yi wa cakuɗen iska da fetur zuwa 6.5 bisa 1, domin kauce wa waccan fashewa. Injin yana ɗaukar baƙin mai fiye da lita 10, wanda shi ma yana kwashe zafi. A 1978 suka ƙara na'urar da ke sanyaya iskar turbo kafin ta shiga silinda, ƙarfin ya kai doki 300. Duk da haka, a 1998 kamfanin ya daina ƙera injin mai sanyin iska, ya koma ga ruwa, saboda bukatar ƙarin ƙarfi da dokokin hayaƙi da na ƙara.

Ita kuwa Beetle baƙin manta lita biyu da rabi ne kacal, kuma 'yar raga ce kawai ke tace shi. Da wannan ɗan mai ake so a shayar da turbo mai zafi kamar garwashi. Ga kuma ƙurar hunturu, wadda ke cinye fikafikan na'urar idan matatar iska ba ta da kyau, tana kuma liƙewa a jikin silinda ta hana iska aikinta. Birki da tayoyi ma don ainihin gudun motar aka yi su. Hausawa sun ce kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. A nan bakin shi ne aljihun mai mota, wata rana kuma ransa da na mutanen da ke bakin titi.

Wannan ba kira ba ne a hana matasa gwaji, domin da gwaji fasaha ke ci gaba. Abin da ake bukata shi ne gwaji mai awo. A sa ma'aunin zafin kan silinda da na baƙin mai tun kafin a taɓa komai. A rage matsin fistin, a ƙara masanyayin mai da matata, a fara da ɗan matsi kaɗan, a rubuta abin da aka gani kowane lokaci. Wanda ba shi da halin yin haka, gara ya bar injin yadda yake, tun da an daina ƙera wannan mota a 2003, kayan gyaranta kuma sai ƙara wuya suke yi.

Malaman kimiyya suna da darasi a hannu. Famfon keke, da ma'aunin zafi, da ziyarar garejin mai gyaran babur sun isa su nuna wa ɗalibi cewa makamashi ba ya ɓacewa, sai dai ya sauya kama. Ɗalibin da ya fahimci haka, ranar da aka yi masa tayin ƙarin ƙarfi, zai fara tambayar ta inda zafin zai fita.