Koken Mazauna Bakin Ngadda Kan Dogayen Gine-gine da Hanyoyin Ruwa a Maiduguri

Zuwa ga
Mai Girma Gwamnan Jihar Borno,
Farfesa Babagana Umara Zulum,
Gidan Gwamnati, Maiduguri.



Ranka ya daɗe, mu da muka sa hannu a wannan takarda magidanta ne, da iyaye mata, da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu daga unguwannin da ke bin gaɓar kogin Ngadda da rafin Ngaddabul: Gwange, Fori, Galtimari, Gamboru, Bulabulin, Shehuri da maƙwabtansu. Mun kawo kuka ne a kan yadda ake ta da benaye a wuraren da ruwa ke bi, da kuma a kan ƙasar da ruwa ya riga ya jiƙa, ba tare da mun ga alamar ana bincikar abin da ke ƙarƙashinsu ba. Ba mu zo don a hana kowa gina gidan sama ba. Birnin da aka kafa a 1907 ya daɗe da cika, kuma tun daga 2009 rikici ya turo mana 'yan'uwa daga Bama, Gwoza, Dikwa, Monguno da sauran garuruwa. Fili ya yi tsada, haya ta yi tsada. Duk mai hankali ya san dole garin nan ya miƙe sama. Abin da ke hana mu barci shi ne inda ake miƙewar da yadda ake yinta.

Ba sai mun ba ka labarin daren Litinin, wayewar garin Talata 10 ga Satumba 2024 ba, domin da ƙafarka ka shiga ruwan. Madatsar Alau, wadda aka kammala a 1986 don ta riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 112, ta kasa, ruwan ya gangaro cikin gari mutane na kwance. Ya shiga fadar Shehu, ya shiga Kasuwar Monday, ya shiga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ya lalata injuna masu tsada. Gadojin Fori da Gwange da Lagos Street suka lalace, gari ya rabu biyu. Katangar gidan yari ta faɗi, fursunoni 281 suka fice. A gidan zu na Sanda Kyarimi fiye da kashi 80 cikin 100 na dabbobin suka hallaka, aka kuma yi ta gargaɗin jama'a kan kadoji da macizai. Fiye da mutum 400,000 suka rasa matsuguni, sansanin Bakassi da aka rufe a 2021 aka sake buɗe shi. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya a wannan ruwa, Allah ya jiƙansu, ya sa sun huta. Dattawanmu sun ga irin haka a 1994, sun kuma faɗa mana cewa wuraren da ruwan ya bi a wancan karo su ne ya sake bi, sai dai a wannan karon ya tarar da gidaje a inda da ya tarar da gonaki da fadama.

Mun yi godiya da ɗaukin da aka kawo mana, da abinci, da tallafin kuɗi, da naira biliyan 80 da Gwamnatin Tarayya ta amince a kashe wajen sake gina madatsar a 2025. Amma gyaran Alau rabin aiki ne. Ko da madatsar ta tsaya da ƙafarta, ruwan sama na sa'o'i uku ya isa ya shiga ɗakunanmu a yau, kuma dalilin yana cikin gari.

Ga abin da ke faruwa. A kwanakin ambaliyar, waɗanda ke da bene sun hau sama sun tsira, wasunsu ma, Allah ya saka musu, sun buɗe ƙofa ga maƙwabta har bene ya cika da mata da yara. Kowa ya ga wannan, kowa kuma ya ɗauki darasi: a hau sama. To amma mai kuɗi ne kaɗai ke iya aiki da darasin. Sai ya sayi fili a kwari da araha, domin mai filin ya tsorata yana neman mafita. Tifa ta yi ta sauke ƙasa har filin ya ɗara titi tsawo. A ɗaga fandisho, a zagaye da katanga mai kauri, a shimfiɗe tsakar gida da siminti ko intalok yadda ko ɗigo ɗaya ba zai nutse ba, sannan a saki bututun rufin bene zuwa lungu. Ruwan da wannan kwari ke sha tun kaka da kakanni bai ragu ba, kuma ba zai koma sama ba. Gidan maƙwabci zai nufa, wanda yawanci na ƙasa ne ko na bulo mara ƙarfi, ƙofarsa daidai da titi. Idan mutum goma suka yi haka a layi ɗaya, sauran gidajen layin sun zama tafki. Mun san lungunan da a da ruwa ke wucewa cikin rabin sa'a, yanzu yana kwana yana wuni, sauro ya yi gida, masai ya cika ya haɗu da ruwan rijiya. Wanda ya tsira daga Alau sai ga shi a hannun zazzaɓin cizon sauro da amai da gudawa.

Idan ka yi wa mai ginin magana, amsarsa a shirye take: "Filina ne, da kuɗina na saya, ga takardata." Idan ka je wurin bulama ko lawan, sai ya ce takardar daga sama ta fito, shi ba ya da ta cewa. Wasu lokuta a zo a shafa jan fenti a katanga, a rubuta a dakatar da aiki. Bayan mako biyu a shafe rubutun da filasta, masu kwaɓa siminti su dawo. Ba mu kama sunan kowa ba, ba kuma mu ce kowane jami'i haka yake ba. Amma jan fentin da ba ya tsayar da gini ya koya wa mutane cewa doka abar ciniki ce.

Kuka na biyu ya shafi su benayen kansu, da waɗanda ke kwana a cikinsu. A nan muna jin nauyin yin bayani, domin kai masanin ƙasa da ruwa ne, a kansu ka yi digirinka na uku, ka kuma shugabanci Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ramat kafin ka riƙe ma'aikatar sake gina garuruwa. Ka fi mu sanin cewa ƙasar ciko da ba a danne ta sosai ba tana zama idan ta sha ruwa, kuma ba lallai ta zauna daidai a kowane ɓangare ba. Ka san yashi yana zarewa daga ƙarƙashin ginshiƙi idan ruwa mai gudu ya ratsa shi, ka san baƙar ƙasar firgi tana kumbura da damina ta tsage da rani. Gidan ƙasa-ƙasa idan ya samu wannan matsala, tsagewa yake yi, a lallaɓa a toshe. Bene mai hawa uku ko huɗu kuwa nauyinsa duka a kan 'yan ginshiƙai yake. Ɗaya ya nutse, sauran su ɗauki abin da ba a lissafa musu ba. Gine-gine da dama sun yi kwanaki tsaye a cikin ruwa a 2024. Da ruwan ya janye, abin da muka gani shi ne an wanke, an yi fenti, an mayar da 'yan haya. A wasu wuraren ma an ƙara hawa a kan fandishon da tun asali na gida mai hawa ɗaya ne. Ga tsadar siminti da rodi ta sa ana matse aiki: buhu ɗaya a buga masa bulo fiye da ƙima, a sa siririn rodi inda ya kamata a sa mai kauri, a cire katakon dekin kafin simintin ya bushe domin ana sauri a karɓi kuɗin haya. Birkila ne injiniya, shi ne mai duba aiki, mai gida kuma yana ba da umarni ta waya daga Abuja.

Ba zato muke yi ba, an gani a wasu garuruwa. A ranar 1 ga Nuwamba 2021 bene mai hawa 21 ya rufta a Ikoyi ta Legas, fiye da mutum 40 suka mutu. Wani zai ce ai Maiduguri ba ta da irin wannan tsawo. To a ranar 12 ga Yuli 2024 makarantar Saints Academy ta rufta a Jos, mutum 22 suka rasu, akasarinsu ɗalibai, kuma ba wani dogon gini ba ne. A garin nan makarantu masu zaman kansu, da Islamiyyu, da ɗakunan kwanan ɗalibai a kewayen jami'a, da yawansu a bene suke, matakala ɗaya, tagogi duk an datse su da ƙarfe. Gobarar Kasuwar Monday ta ranar 26 ga Fabrairu 2023 ta nuna mana yadda wuta ke cin wuri kafin a shawo kanta, alhali a fili take. Yaya ke nan idan a hawa na huɗu ce, a lungun da Keke Napep ma da ƙyar yake shiga? Ga kuma guguwar farkon damina, wadda ke yaye kwano daga saman bene ta jefa shi tsakar gidan da yara ke wasa.

Saboda haka, ranka ya daɗe, babbar buƙatarmu ita ce a shata wa ruwa iyakarsa. Har yanzu tabon ambaliyar na nan a jikin katangu, kuma akwai hotunan tauraron ɗan Adam na kwanakin. Muna roƙon ka umarci Hukumar Tsara Birane ta jiha da hukumar filaye ta BOGIS su fitar da taswira ɗaya da ke nuna inda ruwa ya kai, da faɗin da za a bar wa Ngadda da Ngaddabul da manyan magudanai, a kafa turaku a ƙasa yadda ko wanda bai yi boko ba zai gani, a liƙa taswirar a ƙofar kowane lawan, a karanta bayaninta a rediyo da Kanuri da Hausa da Larabcin Shuwa. Kafin a gama wannan aiki, a dakatar da ba da sabon izinin bene da na ciko a cikin wannan yanki. Wanda ya sayi fili a can bayan an kafa turaku, ya san abin da ya saya.

Sai benayen da suka riga suka sha ruwa. A kafa ayarin injiniyoyi masu rajista da hukumar injiniyoyi ta COREN, da malaman Jami'ar Maiduguri da na Ramat, su bi su ɗaya bayan ɗaya, su fara da makarantu da asibitoci da gidajen haya. Wanda ya tsira a ba shi shaida a manna a ƙofa. Wanda ke buƙatar gyara a ba shi wa'adi. Wanda ba ya gyaruwa a fitar da mutane tun kafin ya fitar da su da kansa. Daga yanzu kuma, duk ginin da ya wuce hawa ɗaya, a wajabta gwajin ƙasa kafin a haƙa fandisho, a kafa allo a bakin aiki mai ɗauke da lambar izini, da adadin hawan da aka amince, da sunan injiniyan da zai amsa tambaya idan wani abu ya faru. Ƙa'idar gini ta ƙasa tana nan tun 2006, dokar tsara birane tun 1992. Ba sabon abu muke nema a ƙirƙiro ba. Mai bene kuma ya ɗauki nauyin ruwan rufinsa: ya bar wani sashe na filinsa buɗe ruwa ya nutse, ya haɗa bututunsa da lambatu, kada ya sake shi a ƙofar wani.

Akwai magana guda da muke son faɗa a fili, domin mun san inda irin wannan koke yakan ƙare. Da zarar an ce a buɗe hanyar ruwa, katafila gidan talaka take fara sani. Gaskiya ne wasunmu ma a bakin kogi muke zaune, ba kuma mu musa ba. Amma wanda ya gudo daga ƙauyensa da tabarma da tukunya ya kafa ɗaki a inda ya samu, ba daidai yake da wanda ya san kwari ne, ya cike shi, ya ɗora shaguna hawa uku ba. Idan za a yi rusau, a fara da ginin da ya fi tare ruwa, ko na wane ne. Wanda za a tasa a ba shi sanarwa a rubuce, da diyya, da fili a tudu inda akwai ruwan sha da makaranta da hanyar zuwa kasuwa, tun kafin a taɓa katangarsa. Mutanen da aka raba da gidajensu sau ɗaya saboda bindiga, sau na biyu saboda ruwa, bai kamata a raba su karo na uku ba tare da an nuna musu inda za su sa kai ba.

Muna kuma roƙon a yashe Ngadda da manyan magudanai tun da rani, a hana zuba shara da ɓaraguzan gini a cikinsu, a samar wa 'yan kwana-kwana motar da tsaninta zai kai saman benayen da ake ba wa izini. Game da Alau, a riƙa sanar da jama'a matakin ruwa a kai a kai daga watan Yuli zuwa Oktoba, a kuma tanadi hanyar tashin mutane cikin dare, ko da jiniya ce da lasifikar masallatai, tare da wuraren da kowace unguwa ta san can za ta nufa.

A shirye muke mu tura wakilai su zagaya da duk wanda ka aiko, mu nuna masa lungu-lungu da gini-gini abin da muka rubuta a nan. Muna fatan samun amsa, da ranar da za a saurare mu, kafin ruwan farko ya sauka.

Allah ya taimake ka, ya ba Borno lafiya da zaman lafiya.

Naka masu biyayya,
A madadin mazauna unguwannin bakin Ngadda da Ngaddabul,
Maiduguri da Jere.

Kwafi zuwa ga:
Mai Martaba Shehun Borno, Alhaji Abubakar Ibn Umar Garbai El-Kanemi
Kakakin Majalisar Dokokin Jihar Borno
Hukumar Raya Yankin Tafkin Chadi