Allo Biyu a Teburi Ɗaya

Jama'a, tun shekarar 2020 da annobar korona ta tsare ma'aikata a gida, samarinmu masu aikin kwamfuta suka tsiri wata al'ada, kowa sai ya jera allon kwamfuta biyu ko uku a teburinsa. Makon jiya na tarar da irin wannan a Dagauda, wurin wani ƙanena mai yi wa 'yan kasuwa lissafi. Rasitai a wannan allo, jadawali a wancan. Madalla, aiki kam yana sauri.

Amma fa teburin na fuskantar taga, allunan kuma sun yi ƙasa, sai ya duƙa musu kamar mai tsintar gero. Ga wuya na ciwo, ga ido na ruwa. Na ce, "Ƙanena, juya teburin taga ta koma gefe. Tokare allon da littattafai har bakinsa na sama ya yi daidai da idonka, nisansa kuwa tsawon hannu."

Sauran magana ta wuta ce. Allo mai inci 24 kan ci wajen wat 25, kuma duk batirin sola guda ke ɗauke da su. Ya ce min allo na uku yake tara wa kuɗi a Azare. Na ce batir zai fara saye.