Yaƙi da fari a Adar: Haɗarin jirgin feshi yana ƙasa ma, ba a sama kaɗai ba

Duk shekarar da aka ji ɗuriyar farin dango a arewacin Nijar, kiran da manoman Tama da sauran garuruwan Buza, Madawa da Keita ke yi ɗaya ne: a turo jirgin feshi. Ba su manta da 2004 ba, lokacin da fari da ƙarancin ruwan sama suka haɗu a kan gonakin jihar Tawa, aka shiga yunwar 2005, nauyin ciyar da gidaje da dama ya koma wuyan 'yan ci-rani.

Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba: idan jirgin ya zo, a ina zai sauka, kuma wa zai saukar da shi?

Galibin jiragen feshi, irin su Air Tractor da Cessna 188, tayoyi biyu ne da su a gaba da ƙarama guda a jela. Tsarin ya dace da filin turɓaya domin yana nisanta farfela daga tsakuwa. Amma tsakiyar nauyin jirgin tana bayan manyan tayoyin, don haka saukarsa tamkar tuƙa adaidaita-sahu ce da baya a guje. Da zarar hanci ya ɗan karkace, nauyin da ke baya sai ya ƙara tura jelar gefe, karkatar ta ci gaba da ƙaruwa. Cikin 'yan daƙiƙoƙi jirgin na iya juyawa kamar katantanwa, fiffike ya daki ƙasa ko ƙafa ta karye.

Wani abin kuma, haɗarin ya fi yawa ne bayan jirgi ya rage gudu. Allon jela da matuƙi ke juyawa da ƙafafunsa yana aiki ne da ƙarfin iskar da ke ratsa shi, gudu na raguwa ƙarfinsa na raguwa. In matuƙi ya firgita ya danne birki, jirgin na iya dungurawa da hanci.

Babbar abokiyar gaba ita ce iskar gefe, wadda ke bugun jela ta juya hancin jirgi zuwa inda take fitowa. Adar kuwa ba a ba ta labarin iska. Saboda ita ce ƙungiyar CARE ta fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya tun 1975. Ga guguwar da ke riga hadari isowa a ƙarshen damina, daidai lokacin da ake buƙatar feshi. Ga laka mai riƙe taya ɗaya ta saki ɗaya, ga awaki da ke ratsa fili.

Jirgin da ya yi irin wannan juyi sau da yawa matuƙinsa kan fita lafiya, amma gyara na iya cin makonni ana jiran kayan da za a yi odarsu daga waje. Fari kuwa ba sa jira. Tashi daga filin jirgin Tawa kowane sawu yana cin mai da sa'o'in safiya, waɗanda su ne mafi dacewa da feshi.

Saboda haka shirin da ake buƙata daga cibiyar yaƙi da fari ta CNLA da hukumar jiragen sama ta ANAC ya wuce sayen jirgi da magani. Akwai buƙatar filayen sauka kusa da gonaki, a shimfiɗa su bisa hanyar iska, a kewaye su, a sa tutar nuna iska, sannan matuƙa su riƙa atisayen sauka tun da rani. Ƙungiyoyin 'yan ci-rani da ke tara kuɗin rijiya da aji suna da damar tambayar hukumomin gari ko akwai irin wannan fili a gundumarsu, kuma yaushe aka duba shi.